Tun bazara ake neman hatsin kaka

Bazara ta kama. Daga Ƙwanni har Damagaram rana tana fitowa da zafinta tun hantsi. Cikin watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan wuce 40. Rijiyoyi sun ja baya, tabkuna sun ƙafe, rumbuna sun yi ƙasa. Bisashe suna kwance gindin gawo suna jiran ƴaƴansa su faɗo. A ƙauyuka da dama samari sun tafi cin rani, an bar tsofaffi da mata da yara.

Wanda ya dubi gona a wannan lokaci sai ya ce babu abin yi sai jiran ruwa. Amma manoman da suka san ƙasa sun san akwai aiki. Ruwan farko da ƙarfi yake zuwa, da iska a gabansa. In ya tarar da ƙasa a buɗe, sai ya shiga. In ya tarar da fako, sai ya wuce, ya kwashi taki da ƙasa mai kyau ya kai su kwari. Ruwan da ya gudu kuwa ba ya dawowa. Aikin da aka yi cikin zafin nan shi ke raba gonar da za ta sha da wadda za ta kwana da ƙishirwa. Ayyukan ƙanana ne. Kayan yinsu diga ne da kwando da adda, sai kuwa haƙuri.

Tassa: ramin da ke kama ruwa

Aiki na farko shi ne tassa. Tassa ƙaramin rami ne da ake haƙawa a fako, a zuba masa taki, a shuka hatsi ko dawa a ciki. Manoman Adar sun san ta tun da daɗewa, amma ramunan da ƙanana ne, kuma ba a cika sa masu taki ba.

A shekarar 1989 wasu manoma na Illela, cikin jahar Tawa, suka tafi ziyara yankin Yatenga na ƙasar Burkina Faso. Can suka ga yadda Mosawa suka faɗaɗa ramin suka zurfafa shi. Su can suna ce masa zai. Wanda ya yi suna da wannan aiki shi ne Yakuba Sawadogo, manomin da ya mai da fako ya zama kurmi. Ya rasu a shekarar 2023. Da mutanen Illela suka komo gida sai suka gwada. Shekarar 1990 ruwa ya yi ƙaranci. Gonaki da yawa ba su ba da kome ba, amma inda aka yi tassa an samu abin kaiwa rumbu. Wanda ya gani da idonsa ba ya bukatar dogon bayani. Daga nan aikin ya bazu zuwa Badagishiri da sauran garuruwan yankin.

An auna amfanin gonakin Illela daga 1991 zuwa 1996. Inda aka yi tassa da taki, eka guda ta ba da wajen kilo 500 na hatsi a shekara. Inda ba a yi ba, wajen kilo 125 aka samu. Eka guda ita ce fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. Har ta kai fakon da a da ba mai sonsa ko kyauta, mutane suka shiga sayensa da kuɗi. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya hau da mitoci da dama bayan an gyara filayen da ke kewaye, har mata suka kafa lambuna.

Ga yadda ake yin ta. Faɗin rami santimita 20 zuwa 40. Zurfinsa 15 zuwa 20, wato kamar tsawon tafin hannun babba. Ƙasar da aka fitar ba a watsar da ita. Ana tara ta a bakin rami ta wajen gangare, a lanƙwasa ta kamar jinjirin wata, don ta tare ruwan da ke gangarowa. Tsakanin rami da rami a bar taku guda mai faɗi. Layi na biyu kada ya yi daidai da na farko. Kowane rami ya faɗa tsakanin biyun da ke samansa, su ukun su zauna kamar duwatsun murhu. Ta haka ruwan da ya kuɓuce wa wannan sai ya faɗa cikin wancan.

Bayan haƙa, a zuba busasshen taki cikin hannu biyu a kowane rami, a ɗan yayyafa masa ƙasa don kada iska ta kwashe. Wannan shi ne dalilin yin aikin tun bazara. Kafin ruwa ya sauka iska tana tara ganye da ƙura cikin ramin. Gara tana zuwa cin takin, tana huda ƙasa, tana barin ƙananan hanyoyi da ruwa zai bi ya nutse. A fako gara ma'aikaciya ce da ba a biya. In an yi ruwa mai ƙarfi, ramin ya jiƙu sosai, sai a shuka.

Aikin da nauyi, wannan ba a ɓoye yake ba. Eka guda tana cin rami wajen 10,000, kuma masana sun ƙiyasta awa 300 ko fiye na haƙa. Amma ba dole a gama cikin shekara guda ba. Mutumin da ke haƙa rami 50 kowace safiya, cikin kwana 50 ya samu 2,500. Rubu'in eka ke nan ya dawo da rai. Baɗi ya ƙara wani rubu'in. Inda kuma ake gayya, abin da mutum guda zai yi cikin wata, jama'a sai su yi shi cikin kwana biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai tassa ba ta kowace ƙasa ba ce. A jigawa mai yashi sako-sako ramin yana cikewa tun iskar farko. A fadamar da ruwa ke kwanciya kuma shuka tana ruɓewa a ciki. Wurinta ƙasa mai tauri, wadda ruwa ke gudu a kanta.

Rabin wata da jerin duwatsu

Inda fili ke da faɗi kuma yana ɗan gangarawa, ana yin rabin wata. Ana kafa turke, a ɗaura igiya mai mita 2, a zana rabin da'ira. Faɗinta ya zama mita 4 ke nan. Bakinta yana duban sama, wajen da ruwa ke fitowa. A haƙe cikin kamar santimita 15 zuwa 25, a tara ƙasar a bayanta, a daddanne ta da ƙafa. Eka guda tana ɗaukar rabin wata kamar 300. A gona ana zuba taki a shuka hatsi ko dawa. A makiyaya ana watsa irin ciyawa, kamar ƙyasuwa da gamba, a dasa icce guda a ciki.

Inda akwai duwatsu, kamar ƙasar Adar da Majiya, ana jera su a gicciye, su tare wa ruwa hanya. Jerin ba ya hana ruwa wucewa. Ƙarfinsa yake karyawa, sai ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Dole layin ya bi wuraren da ke daidai da juna, ba wani ya fi wani tudu. In an kuskure, ruwa sai ya taru wuri guda ya fasa, ya buɗe sabon kwazazzabo. Malaman gona suna nuna yadda ake awo da siririn tiyo mai ruwa a ciki da sanduna biyu. Yini guda ya isa mutum ya koya. A yankin Keita, inda aka fara babban aikin gyaran ƙasa a 1984, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da ka. Tuddan da suka zama ƙeƙasassu bayan fari, yau akwai itatuwa a kansu.

Mai ɗaga dutse cikin bazara ya fara juya shi da sanda. Kunama da maciji nan suke ɓuya.

Taki tun da wuri

Tassa ba taki rabin aiki ce. Rami 2,500 yana bukatar wajen kilo 750. Tun rani ake tara shi. Akwai kashin awaki da tumaki, da na shanu da jakai, da tokar murhu, da ƙaiƙayi, da sharar tsakar gida. Kafin a kai gona a tsince leda da tsoffin batura da fasassun kwalabe. Leda ba ta ruɓewa, kuma in dabba ta ci tana iya kashe ta.

Ɗanyen taki yana ƙona ƙaramar shuka. Wanda ke kusa da ruwa ya haƙa rami cikin inuwa. Ya shimfiɗa kara da ciyawa, ya bi da kashin dabbobi, ya barbaɗa toka, ya yayyafa ruwa. Haka zai yi ta yi bisa-bisa har ramin ya cika, sa'an nan ya rufe da tsohuwar tabarma ko zana. Duk bayan kwana 15 a juya shi a ƙara ruwa kaɗan. In an cusa sanda a ciki ta fito da ɗumi, takin yana dahuwa. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. Zafin da yake yi yana kashe irin ciyawa da dama da ke cikin kashin dabbobi.

Akwai kuma tsohuwar hanya ta kakanni. Makiyayi ya sauka da garkensa a gona, dabbobi su ci kara su kwana nan, su bar kashi da fitsari. Manomi ya ba shi hatsi da ruwan rijiya. Duk bayan ƴan kwanaki a matsar da turaku gaba don takin ya game gona. Kowa ya samu, ba wanda ya yi hasara. Inda wannan zumunci ya mutu, gona ta rame, saniya ma ta rame.

Kara rigar gona ne

Da yawa suna kwashe kara duka bayan girbi. Wani na danni, wani na wuta, wani na dabbobi, wani na kasuwa. Abin da ya rage kuma sai a tara a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Gonar da aka share tas tana da kyan gani, amma tsirara take. Iskar da ke gaban hadari tana ɗaukar yashi ta yanke ƙaramin hatsi, ko ta binne shi. Sai a sake shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare.

Masu bincike a tashar Sadore, kusa da Yamai, sun gwada wannan. Sun ga kilo 2,000 na kara a shimfiɗe kan eka guda yana rage tafiyar yashi ƙwarai. Kilo 500 kuwa bai isa ba. To, ba kowa ke da kara mai yawa haka ba. Wanda nasa kaɗan ne kada ya watsa shi ko'ina. Ya zaɓi wuraren da suka fara zama fako ya rufe su sosai. Rassan sabara da na kalgo da aka sassabe ma suna yin wannan aiki. Cikin shekara guda yashi zai taru a wurin, gara ta buɗe ƙasa, ciyawa ta fito.

A kwantar da karan ƙasa, kada a bar shi tsaye. Tsutsar da ke huda karan hatsi a cikin busasshen kara take yin rani. In kara yana kwance kan ƙasa mai zafi, rana tana kashe da yawa daga cikinsu.

Sassabin zamani

A da, in manomi ya zo sassabe, duk tohon da ya gani sai ya sare shi daga tushe. Bayan farin 1973 da na 1984 gonakin jahar Maraɗi suka zama fili fetal. An dasa itatuwa da yawa, kaɗan suka rayu. A shekarar 1983 wani ɗan ƙasar Ostiraliya mai aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura da abin da kowa ke takawa ya wuce. Ƙananan kurmin da ke cikin gonaki ba ciyawa ba ne. Tsoffin kututtura ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa inda laima take. Abin da suke bukata kawai a daina sare su kowace shekara.

Wannan shi ake kira sassabin zamani. Manomi ya duba kututture, ya zaɓi rassa uku zuwa biyar, waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran. Waɗanda ya bari ya rage masu ƙananan rassa daga ƙasa har rabin tsayinsu. Adda ta kasance mai kaifi, kuma a yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. A ɗaura tsumma a jiki, mai neman makamashi ya san icce yana da mai shi. Bayan ƴan watanni a komo a sake gyarawa. Mai farawa yana iya barin itatuwa 40 a eka guda.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun riƙe wannan aiki, maƙwabci yana koya wa maƙwabci. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki. Masana sun ƙiyasta eka miliyan 5 ne suka sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya, itatuwa wajen miliyan 200. A da manomi yana tsoron barin icce don yana ganin na hukuma ne. A shekarar 2020 gwamnati ta fitar da doka kan wannan aiki, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfani da iccen da ya raina a gonarsa.

Cikin itatuwan gona babu kamar gawo. Yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa. Da rani kuma ya yi kore, ya ba dabbobi ƴaƴa da ganye a lokacin da babu ciyawa. Hatsin gindinsa ya fi na fili tsawo da kauri. Tun ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani kan mai sare gawo. Har yau ƙasar Magarya da Matamai da Mirya cike take da shi. Ƙaramin gawo da ya tsiro cikin kashin akuya, in an kafa masa sanda an kewaye shi da ƙaya, an yi wa jikoki ajiya. Makiyayi mai sassaɓo wa dabbobi ganye kuma ya ɗebi gefe guda, ya bar kan iccen, don baɗi ma nan zai dawo.

Ƙananan dashe a gida da lambu

Ranar 3 ga Agusta ce ranar dashen itatuwa a Nijar. Amma iccen da aka dasa cikin Agusta, a watan Afrilu ake sanin ko zai rayu. Mangwaro da lemo da gwaba da dogon yaro na shekarar farko saiwarsu ba ta kai ga laima ba.

A yi wa kowane dashe kwarya a gindi, a rufe ta da ciyawa ko ƙaiƙayi. Kada ciyawar ta taɓa jikin iccen, saboda gara. A barbaɗa toka kewaye. Ban ruwa da sassafe ne ko da maraice. Bokiti guda a zuba lokaci ɗaya duk kwana biyu ko uku ya fi ɗan kofi kullum, don ruwa mai yawa yana nutsewa, saiwa ta bi shi ƙasa. Inda ruwa ke da wuya, a binne tsohon tulu kusa da dashen har wuya, a cika shi, a rufe bakinsa. Ruwa zai riƙa tsattsafowa a hankali. Ruwan alwala da na wankin hatsi kada a zubar da su a banza. A kewaye dashe da ƙaya ko tubali. Akuya guda cikin ƙiftawar ido tana cinye wahalar wata tara.

Mai son dashe a damana mai zuwa, yanzu ne lokacin renonsa. A cika leda da yashi da ruɓaɓɓen taki, a huda ƙasanta, a jera cikin inuwar rumfa. Irin gawo da bagaruwa da kuka ɓawonsu da tauri. A zuba masu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki, ko a ɗan goga gefensu a dutse. Duk bayan mako biyu a ɗaga ledojin a sauya masu wuri, don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa.

A gwada iri kafin ranar shuka

Irin da aka ajiye tun kaka, zafi ko ƙwari suna iya ɓata shi ba a sani ba. A ƙidaya tsaba 100, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye cikin inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda a buɗe a ƙidaya waɗanda suka tsiro. In sun kai 80, iri yana da kyau. In rabi ne kawai, a nemi wani tun kasuwa ba ta tashi ba. Akwai iri mai saurin nuna, kamar hatsin HKP na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Ana tambayar malamin gona inda ake samunsa. Haka kuma haiwa da sungumi a kai su wurin maƙeri tun yanzu. Ranar da aka yi ruwan shuka, ƙofar maƙera ba ta shiguwa.

Jiki ma a kiyaye shi

Aikin bazara na asuba ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Tsakar rana ta inuwa ce. A tafi gona da gorar ruwa da malafa, a sha tun ba a ji ƙishirwa ba. Wanda ya ji jiri, ko ciwon kai, ko ya ga gumi ya ɗauke masa, ya bar aiki nan take. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita. In hankalinsa ya fara gushewa a gaggauta kai shi likita. Jakin amalanke ma a shayar da shi, kada a ɗora masa kaya da tsakar rana.

Mai tafiya cin rani ba laifi ya yi ba, abinci ya tafi nema. Amma wanda ya dawo ranar da aka yi ruwan shuka, ya tarar da gonarsa yadda ya bar ta. Wanda ya dawo saura wata guda, ko ya aiko da kuɗin rami 1,000 da amalanken taki, ya tarar da wata gona dabam. Masu gari da ƙungiyoyin manoma suna iya tsai da ranakun gayya tun yanzu, a fara da gonakin gwauraye da na tsofaffi, a kuma bar burtali da mashaya a buɗe don kada gyaran fili ya jawo faɗa.

Watan bakwai na manoma yana ƙaratowa. Ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi inda ya so. Abin da ke hannun manomi shi ne ya tanadar masa masauki. Allah ya kawo damana mai albarka, ya ba da lafiyar aiki.